Ku ƙyale yaron nan da dutsensa

Tun shekaranjiya raina a ɓace yake kan abin da aka yi wa yaron nan a guruf ɗin unguwarmu, duk kun gani, ba sai na maimaita ba. Yaro ya je aikin fili da 'yan ajinsu can wajen Dange a jihar Sakkwato, ya dawo da ɗan dutse baƙi-baƙi da bai wuce babban yatsa ba, ya ɗora hoto cike da murna yana cewa malaminsu ya ce kashin wata dabbar ruwa ce da ya daskare ya zama dutse, shi ke nan aka yi masa caa. Wani ya raɗa masa Dakta Tutu, wani ya ce asarar kuɗin makaranta, har da dattijon da a shekaru ya isa ya haife shi ya haifi yayansa yana turo hoton dariya. Yaron nan ya goge hoton ya fice daga guruf ɗin. Wallahi an zalunce shi, kuma rashin sani ne ya jawo.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yawancin masu dariyar nan 'ya'yan manoma ne. Wanene cikinmu bai taso yana ganin jaki da mangala cike da taki ana kora shi gona tun kafin saukar damina ba? Wanene bai san manomi na roƙon Bafulatani ya zaunar da shanu a gonarsa da rani ba, har ya haɗa masa da damin dawa, don kawai kashin da za su bari? Yau kashin kaji a buhu ake sayar da shi, 'yan lambu na rububi. Tuwon da ka ci jiya da dare taki ne ya raine shi. Kashin jiya kana biyan kuɗi ka saya, wanda Allah ya adana shekaru miliyoyi a cikin ƙasa kuma shi ne abin dariya a wurinka?

Kofrolait ake kiran irin wannan dutsen, kuma ba yaron ne ya ƙago ba. Wata mata 'yar talakawa mai suna Mary Anning, mai tsintar ƙasusuwan dā a bakin teku a garin Lyme Regis na Ingila, ita ta lura ana yawan samun wasu duwatsu a daidai cikin kwarangwal ɗin manyan dabbobin teku, in an fasa sai a ga ƙayar kifi da ɓawonsa a ciki. William Buckland na jami'ar Oxford ya ba su wannan suna a 1829. Yadda abin ke faruwa kuwa, kashin ya faɗa cikin laka ta rufe shi da wuri kafin ya ruɓe, sannu a hankali ma'adinai su maye gurbinsa har ya zama dutse, babu wari babu komai. Na masu cin nama ya fi saurin daskarewa saboda ƙasusuwan da suka haɗiya cike suke da sinadarin fosfet, wanda shuka ke buƙata don ta girma.

To wannan fosfet ɗin shi ne maganar. A 1842 John Henslow, malamin tsirrai na Cambridge wanda ya koyar da shahararren masanin halittu Darwin, ya ci karo da irin duwatsun nan a garin Felixstowe na Ingila ya gane amfaninsu ga gona, a shekarar kuma John Bennet Lawes ya yi rajistar dabarar zuba asid a kan fosfet don saiwar shuka ta iya sha. Daga nan aka samu takin da manomanmu ke kira supa, wanda ake zuba wa gyaɗa da wake. Shekaru da dama ana tonon duwatsun nan a yankunan Cambridge da Suffolk, ƙauyuka suka cika da leburori, har yau akwai titi a garin Ipswich da ke ɗauke da sunan kofrolait saboda masana'antar taki da aka yi a wurin. Na san wani zai taso ya ce ai yawancin abin da suka tono ba ainihin kashi ba ne, dunƙulen fosfet ne haɗe da ƙasusuwa da haƙora. Na ji, haka ne, sai me? Da sunan kashin aka gano amfanin duwatsun, kuma su ba su tsaya dariya ba, tona suka yi suka ciyar da gonakinsu.

Mu fa? Yankin Sakkwato da Tahoua ta Nijar har zuwa Mali duk teku ne wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, kifaye da kadoji da kunkuru suka rayu suka mutu a ciki, abin da suka bari shi ne fosfet ɗin da ke kwance a Dange da Tahoua da kwarin Tilemsi na Mali. Ƙasarmu ta noma kuwa an daɗe da sanin fosfet na cikin abin da ta fi rashi. Amma a ƙarshen 2016 sai da Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko don a riƙa kawo mana shi ta jirgin ruwa a haɗa taki. Duk damina muna kukan tsadar buhun kamfa da yuriya, ga yaro ɗan gida ya sa ƙafa a hanyar sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu, mu kuma muka kore shi da dariya.

Masu cewa najasa ce kuma don Allah ku koma ku tambayi malamanku, a mazhabarmu ta Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta ma ɗanyensa mai tsarki ne, balle abin da ya rikiɗe ya zama dutse. Ba zan ɓata lokaci a kan wannan ba.

Ban ma taɓo ilimin da ke ciki ba. Ƙashi yana gaya maka girman dabba da siffarta, amma abin da ta ci, sai dai ka duba abin da ta fitar. A Kanada an samu wani mai tsawon santimita 44 cike da dakakkun ƙasusuwa, a 1998 Karen Chin da abokan aikinta suka nuna na dainoso mai cin nama ne, wato irin manyan dabbobin dā da suka ƙare a duniya, ga dukkan alamu nau'in da ake kira T. rex, kuma yana farfasa ƙashi da haƙori kafin ya haɗiye. A Indiya a 2005 aka ga burbushin ciyawa a kashin dainoso, alhali kafin nan ana zaton ciyawa ba ta yaɗu ba sai bayan sun ƙare. A garin York na Ingila a 1972 ana tonon ginin banki aka samu na mutum, na zamanin Vikings, mayaƙan teku na arewacin Turai, sama da shekara 1,000, santimita 20, cike da ƙwan tsutsar ciki, yau yana gidan tarihi ana biyan kuɗi a gani. Likita ma in cikinka ya ƙi lafiya ai ɗan kwalba yake miƙa maka ya ce kawo bayan gida.

Ƙanena, in wannan rubutu ya iso gare ka, don Allah kada ka jefar da dutsen nan, ka rubuta inda ka tsince shi da ranar, ka nannaɗe shi a takarda ka ajiye. Jiya na je gidan su yaron na riƙe dutsen a hannuna, ya fi girmansa nauyi, jikinsa a murɗe kamar zaren dunƙule, yaron ya ce hanjin wasu kifaye ne a murɗe haka shi ya sa. Na daɗe ina jujjuya shi.

Ya tuna min da kakana, Allah ya jiƙansa, da ɗakin tantabarunsa na tukwane a bayan gida. Duk ranar Alhamis sai ya sa mu share kashinsu mu tara a tsohon kwando, ba ya yarda a haɗa da na awaki, ya ce wannan na albasa ne kaɗai kuma in ya yi yawa ƙona ta yake yi. Yanzu duk layinmu babu mai kiwon tantabara ko ɗaya, in akwai wanda ya san inda zan samu 'yan shila masu kyau ya yi min magana ta inbox, biyu-biyu nake so.