Girgizar Ƙasar Turkiyya da Amanar da Ke Cikin Bango

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ya 'yan'uwa, ranar Litinin 6 ga Fabrairu 2023, da ƙarfe 4:17 na dare, tun ladan bai kira asuba ba, ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya da ƙarfin maki 7.8, bayan kimanin awa 9 kuma wata mai maki 7.5 ta biyo baya. A Turkiyya kaɗai mutum sama da 50,000 suka rasu, ban da dubban da aka binne a Siriya, waɗanda suka tsira kuwa suka kwana a titi cikin dusar ƙanƙara suna jiyo muryoyin 'yan'uwansu a ƙarƙashin ɓaraguzai.

Kada wani ya yi gaggawar cewa azaba ce ta sauka a kansu, domin a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya lissafa wanda gini ya rufta masa cikin shahidai.

Sai dai ƙaddara ba ta wanke maha'inci. A birnin Antakiya da ke lardin Hatay na Turkiyya, wani katafaren bene mai hawa 12 da aka sayar wa jama'a da sunan gidan alfarma ya kife da ɗaruruwan mutane, cikinsu har da ɗan ƙwallon Ghana Christian Atsu, wanda ya gina shi kuwa a filin jirgin saman Istanbul aka kama shi yana shirin barin ƙasar. Garin Erzin, a lardin Hatay ɗin nan dai, bai rasa rai ko ɗaya ba. Ƙarfin ƙasar wurin ya taimaka, haka ma tsayin dakan hukuma wajen hana gini ba bisa ƙa'ida ba.

Saboda haka, ya kai ɗan kwangila, da kai magini, da kai jami'in da ke sa hannu a takardar izini, ku ji tsoron Allah. Wanda ya rage kaurin rodi, ko ya cika yashi ya tsuke siminti don buhu guda ya fitar da bulo fiye da ƙima, ya sani filasta da fenti idon mai saye kaɗai suke rufewa. Abin takaici, a garuruwanmu benaye na ruftawa kan ɗalibai da 'yan haya ba tare da ƙasa ta ko motsa ba. Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, Suratul Zalzala kuma ta gaya mana akwai ranar da ƙasa za ta ba da labarinta.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinSa.