Kafin mu tafa wa motar ɗalibai, mu tambayi cikinta

Duk lokacin da ɗalibai suka haɗa 'yar motar lantarki a makarantunmu na kimiyya da fasaha, ko a Aliero ko a Birnin Kebbi, sai Facebook ya cika da hotuna da sambarka. Ni ma ina murna, Allah Ya yi musu albarka. Amma tambayar da kowa ke yi ita ce gudun nawa take yi. Ni kuwa abin da nake so in ji shi ne wutar da take sha a kowace kilomita.

Lissafin ba wuya. Batir mai bolt 48 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 4,800, wato 48 sau 100; wat-awa kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa. In irin batir ɗin gubar nan ne da muke sa wa sola, rabi kawai ya kamata a ja, in an zarce haka ba zai yi ƙarko ba. Saura 2,400. A ce motar tana shan wat-awa 60 a kilomita, to tafiyar kilomita 40 ke nan. Daga Birnin Kebbi ba za ta kai Argungu ba, balle ta dawo.

Kuma wannan a kan kwalta ne. Ku ɗora mata buhunan shinkafa biyu, ku shiga da ita rairayin hanyar fadama, ko ku bar tayarta ba isasshiyar iska, sai cinta ya ƙaru. Gudu ma haka: in ya ninka, turjiyar iska tana ninkawa sau huɗu. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, yana tsufar da batir da wuri. Wanda ya gwada motarsa da sanyin safiya a harabar makaranta, shi kaɗai a ciki, bai gama gwaji ba.

Abin ya dame ni ne saboda tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, masu Keke Napep suke neman mafita ido rufe. Mai keke ba zai saka kuɗin guminsa a abin da ba a faɗa masa iya tafiyarsa a caji ɗaya ba, da kuma awa nawa zai zauna jiran caji a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa.

Ƙannena ɗalibai, ku rage kuɗin fenti ku sayi 'yar mitar auna wuta, ku ɗaura tsakanin batir da injin. Ku gwada da kaya da kuma ba kaya, a kwalta da rairayi, da safe da tsakar rana, ku rubuta komai. Malamai kuma, don Allah a riƙa ba wannan takardar awon maki fiye da kyan jikin mota.