Sun iya karɓar kuɗin muhalli, ba su iya fitar da takarda ba

Ranar Talatar da ta wuce, a ofishin kula da muhalli na wata jiha a Arewa, wani dattijo mai injin gumi da casar shinkafa ya tsaya gaban tebur da fayil a hammata. Tun kafin faɗuwar damina ya biya kuɗin takardar izinin zubar da ruwan masana'anta. Ga kaka ta shigo, shanshera ta fara sauka kasuwa, takarda shiru. Ya yi sallama. Ma'aikacin da ke zaune, wanda bai wuce sa'ar ɗansa ba, bai ɗago daga kan waya ba. Ya sake sallama, aka amsa masa ciki-ciki.

"Ranka ya daɗe, batun takardar nan ne."

"Wace takarda? Nan ai duk takardu ne."

Dattijo ya ciro rasit ya miƙa da hannu biyu. Yaron ya karɓa da 'yan yatsu, ya duba gaba, ya duba baya, ya yar a gefen tebur, kan lemar da ledar ruwansa ta bari.

"Fayil ɗinka yana sama."

"Wancan zuwan ma haka aka ce mini."

"To bai sauko ba ke nan. Kuma sakamakon gwajin ruwanka ya tsufa, sai ka sake wani."

"Ɗana, ai a hannunku ya tsufa. Sabo fil na kawo shi."

Sai a lokacin yaron ya ajiye waya. Ya jingina da kujera, ya ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi.

"Alhaji, kada ka ɗaga mini murya. Ba a kanka aka fara ba. Fayil ba shi da ƙafa. In kana so ya yi sauri, ka san abin da ake yi. In ba ka so, ga benci can."

Wallahi bawan Allahn nan bai ɗaga murya ba, duk wanda ke ɗakin shaida ne. Ya ɗauki rasit ɗinsa da ya jiƙe, ya goge da hannun riga, ya ce "Allah ya kyauta", ya fita. Babu ko ɗaya cikin sauran ma'aikatan da ya ce wa yaron kul.

Duk mai injin shinkafa, ko gidan ruwan leda, ko wurin narka roba, ko ƙaramar majema ya san bencin nan. Kafin mutum ya kai ga zama a kansa ma ya riga ya jigata. Sai ya kawo rajistar kamfani, da takardar fili, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da zanen wurin da ke nuna inda magudana ta bi, da rahoton kula da muhalli wanda dole ƙwararren da hukuma ta yi wa rajista ne zai rubuta, da sakamakon gwajin ruwa daga ɗakin gwajin da suka amince da shi. Kowace takarda da kuɗinta. Sannan kuɗin fom, kuɗin zuwa duba wuri, kuɗin takardar kanta. Wannan na jiha ne kawai. A sama akwai dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda ma'aikatar muhalli ta tarayya ke riƙe da ita, akwai NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007 da nata takardun da binciken da take so a yi duk shekara uku. A ƙasa kuma ga duba-gari na ƙaramar hukuma da nasa rasit. Magudana ɗaya, masu karɓar kuɗi hawa uku.

Babu mai hankalin da zai ce a bar masana'anta ta yi yadda ta ga dama. Ruwan da aka jiƙa shanshera ba ruwan wasa ba ne. Kowane kilo yana barin kusan lita guda ko fiye, wato injin da ke gumin tan goma a rana yana sakin lita dubu goma ko sama da haka. Ruwan nan cike yake da sitaci, yana kwana ya yi tsami ya fara ɗoyi, in ya shiga rafi ya cinye iskar da kifi ke shaƙa, in ya kwanta a kududdufi ya ɓata rijiyoyin maƙwabta. Kowane tan na shanshera kuma yana fitar da buntu wajen kilo 200, wanda ake ƙonawa a tukunyar tururi, tokar ta bi iska ta sauka a kan shanya da kwanon abincin mutane. Maganin abin sananne ne: raga a bakin magudana ta tare buntu da datti, ramukan siminti biyu ko uku a jere inda ruwa zai tsaya laka ta kwanta, farar ƙasa kaɗan don kashe tsami, tafki mai faɗi marar zurfi da iska za ta riƙa bugawa kafin a saki ruwan, da matarar toka a jikin bututun hayaƙi. Aikin mai duba wuri ke nan, ya zo ya ga ko akwai su, ya auna, ya ce gyara nan, faɗaɗa can.

Kuma aikin ba ya cin watanni. Tsamin ruwa a bakin magudana ake auna shi, cikin minti goma sha biyar da ɗiba, ana so ya tsaya tsakanin 6 da 9 a ma'auni. Sauran samfurin a kwalba mai tsabta ake zuba shi, a sa a kula da ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji kafin awa 48. Gwajin da ya fi daɗewa, na auna yawan iskar da dattin ruwan ke cinyewa, kwana biyar yake ɗauka a sanyin digiri 20. A haɗa da rubuta rahoto da sa hannu, mako biyu ya wadatar. To ina sauran watannin suke tafiya?

Ga inda suke tafiya. Mai duba wuri ba shi da mota, ko akwai mota babu mai, sai mai masana'anta ya ɗauko shi ya mayar da shi, ya ba shi na abinci. Wanda ka ɗauko a motarka ka ciyar, da wane ido zai rubuta cewa raminka ya yi ƙanƙanta? Yakan zo babu na'urar auna tsami, ko ya zo da wadda ta daɗe ba a daidaita ta ba. A ɗebi ruwa a jarkar da aka taɓa zuba mai, a jefa bayan mota, ta yini a rana. A kai ɗakin gwaji, wuta ta ɗauke a kwana na biyu, janareta babu dizal, amma sakamako ya fito da lambobi tsaf-tsaf. Rahoton ƙwararru kuwa sau da yawa kwafi ne, har akan manta ba a goge sunan garin da aka fara rubuta shi dominsa ba. Daga nan fayil ya hau sama ya kwanta a teburin wanda ya tafi taro, ko kwas, ko ta'aziyya, kuma babu wanda aka bar wa ikon sa hannu.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne sashen kame ba ya makara. Su da motarsu da mansu da 'yan sandansu. Za su dira a ƙofar inji su tambayi takardar da ke kwance a benen ofishinsu, ka nuna rasit su ce rasit ba izini ba ne, su sa kwaɗo su liƙa takarda. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka hutun kwana biyu ne. Shansherar da ke cikin ruwa ba ta jira. In ba a turara ta a kan lokaci ba, aka shanya ta sauko zuwa damshin kashi 14 cikin ɗari, za ta yi tsami, ta yi baƙi, ta farfashe a inji, babu ɗan kasuwar da zai saye ta da daraja. Leburori su koma gida hannu rabbana, bashin banki yana ta hawa. Babban kamfanin da ke da ma'aikaci na musamman mai bin fayil da lambar wayar manya ba ya ganin kwaɗon nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Laifin bai tsaya kan yaron da ke bakin tebur ba. Ya ga yadda na sama da shi suke yi ne. Gwamnatocin jihohi sun mayar da ofisoshin muhalli wuraren tara kuɗin shiga. A 2015 aka faɗaɗa jerin harajin da dokar 1998 ta yarda jihohi su karɓa, aka saka kuɗin muhalli a ciki. Ana tambayar shugaban hukuma nawa ya tara a wata, ba a tambayarsa magudana nawa ya auna. Kuɗin ya shige asusun bai-ɗaya na jiha, ba ya dawowa ya sayi ko kwalbar ɗibar ruwa. Alhali ba don haka aka kafa hukumomin nan ba. Gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, da ke jihar Delta ta yanzu, a 1988 su suka sa Nijeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta farko a wannan shekarar. Gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. A Kano, shekara da shekaru ruwan majemu da masaƙu na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa kogin Jakara, na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, ga masu lambu suna ban ruwan latas da alayyafo da shi, mu saya mu ci. Duk rasit ɗin da aka yanka a tsawon shekarun nan, wanne ne ya tsarkake ko guga ɗaya?

Kuma ba a rasa hanyar gyara ba. A Mayun 2017 Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a umarnin da ya tilasta wa hukumomin tarayya su liƙa sharuɗɗa da kuɗi da wa'adin kowace takarda a bainar jama'a, in wa'adi ya cika ba su ce komai ba a ɗauka an amince. A 2023 aka mayar da shi doka. A 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don jihohi su sauƙaƙa harkar kasuwanci. Me ya hana kowace jiha ta yi irin wannan dokar ga ofishinta na muhalli? A raba masana'antu gida-gida. Gidan ruwan leda da injin shinkafa a ba su wa'adin kwana talatin, in ya wuce rasit ya zama izinin wucin gadi da zai hana kwaɗo. Majemar da ke aiki da sinadarin kuromiyam kada a ba ta izini don kawai wa'adi ya cika, wannan sai an auna da gaske, amma ita ma a faɗa mata rana. In ana son kuɗin gaggawa a rubuta shi a bango, a yanka masa rasit, a ware shi don mota da na'ura da dizal na ɗakin gwaji. Masu sana'a za su biya, domin yanzu ma suna biya, a aljihun wani yake ƙarewa.

Mu ma da namu. Ƙungiyoyin masu injina suna karɓar kuɗin wata-wata, amma ba ka jin sun ɗauki fayilolin 'ya'yansu da suka maƙale sun kai gaban kwamishina a rana ɗaya. Kowa ya gwammace ya lallaɓa shi kaɗai ya ba da na goro, ya fito yana murna, ya ƙara wa na bayansa tsada. 'Yan majalisar jiha kuma, da ke da kwamitin muhalli da ikon kiran kowa, su kira shugabannin hukumomin nan su zo da littattafai biyu: na kuɗin da aka karɓa bara, da na samfurin ruwan da aka auna bara. A karanta su a zauren majalisa, a sa a rediyo kowa ya ji.