Sakamakon kwantum ma yana buƙatar isnadi

Ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta a Katsina da Dutsin-Ma da Daura da suka fara taɓa Qiskit, manhajar rubuta shirye-shiryen na'urar kwantum, ku ba ni aron kunne. Nan garin malamai ne, mun san ba a karɓar ruwaya sai an bi isnadinta. To me ya sa muke karɓar sakamakon na'urar kwantum ba tare da tambayar hannun da ya bi ba?

Lissafin da ka rubuta ba ya isa na'urar yadda ka rubuta shi. Kafin ya bar kwamfutarka sai ya ratsa Python, da ɗimbin manhajojin da pip, mai girka manhajojin Python, ya kwaso daga rumbunsu na intanet wato PyPI, da injin Qiskit da aka gina da Rust, sannan mai fassarar da ke sake jera ƙofofin lissafi su dace da kubit ɗin na'urar, wato takwarorin bit a kwantum. A manhaja ta yau da kullum, in an yi maka cushe, amsa takan fito a karkace ka gani. A kwantum kuwa, ka harba gwaji sau 4,000 yau, gobe ka maimaita, alƙaluma ba za su zo daidai ba, kuma haka ɗabi'arsa take. Ɓarna sai ta shige cikin wannan hayaniyar, ka ɗora wa na'ura laifi.

Ba tatsuniya ba ce. A Disamban 2022 an dasa wata manhajar bogi mai suna torchtriton a PyPI, masu sauke sigar gwaji ta PyTorch, manhajar koyar da na'ura, suka kwashe ta. A Maris 2024 aka gano ƙofar baya, wato hanyar kutse ta ɓoye, a manhajar matse fayil ta xz, siga 5.6.0 da 5.6.1, kuma makullin da ke kunna ta yana cikin ƙunshin da ake rarrabawa, ba a cikin rubutun da kowa ke dubawa ba.

Don haka abin da ke hannunka, ɗaure shi tam. Kowane aiki da keɓaɓɓen muhallinsa na Python, wato venv. Kulle sigar kowace manhaja tare da hatiminta na SHA-256, lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, ka girka da pip install --require-hashes. In harafi ɗaya ya canza, girkin zai tsaya. Mai amfani da Docker, mai ƙunshe manhaja da muhallinta, ya kira ƙunshin (image) da hatiminsa, ba da "latest" ba, wannan cinikin biri a sama ne.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne seed_transpiler, lambar da ke tsayar da ƙuri'ar mai fassarar Qiskit. Hanyar Sabre da ke shirya kubit tana da ƙuri'a a cikinta. In ba ka sa lamba tsayayya ba, fassara biyu na iya ba ka adadin ƙofofi daban, kuskurensu ma daban. Sa lambar, ka adana da'irar (jerin ƙofofin) da aka fassara, ba ta asali kaɗai ba. Haɗa da sunan na'ura, lambar aiki, da ma'aunin T1 da T2 na ranar, wato tsawon lokacin da kubit ke riƙe yanayinsa, domin ana sake daidaita na'urorin a kai a kai.

Fayil ɗin QPY, wanda Qiskit ke adana da'ira a cikinsa, in daga baƙo ya zo kuwa, kada ka buɗe shi da tsohuwar sigar Qiskit; a 2025 aka toshe wani rami da ke ba irinsa damar gudanar da umarni a kwamfutarka.