Tsohon Kare Ma Sai Mai Shi

Maƙwabcina a nan Ingila tsohon ɗan sanda ne, kuma yana da tsohon kare. Shekara uku ke nan katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da sassafe in na fito nakan gamu da su a bakin titi, mutumin na tafe a hankali, karen na ɗingishi a gefensa, gashin bakinsa ya yi fari kamar gemun dattijo. Ba ya haushi, ba ya jan igiya. In mai shi ya tsaya, shi ma sai ya tsaya ya ɗaga kai yana duban fuskarsa. Da fari tsallake titi nake yi in ba su hanya, domin ni ɗan Sakkwato ne, a Rijiyar Ɗorowa aka yanke mini cibi, kuma yadda aka rene mu ke nan: ka ga kare, ka kauce.

Sai da gaisuwa ta yi tsawo tsakaninmu ya ba ni labari. Shekara bakwai suka yi suna aiki tare, bin sawun ɓarayi cikin dare, neman yaran da suka ɓata da tsofaffin da ruɗewa ta fitar da su daga gida cikin sanyi. Da ƙugun karen ya fara ciwo, ya kasa tsallake shinge, aka sallame shi daga aiki. Mutumin ya sa hannu a takarda ya kawo shi gida. Na tambaye shi wa ke biyan kuɗin magani. Bai ce komai ba, ya buga aljihun wandonsa.

A ranar na kira Kawu a waya, bayan mun gama gaisuwa na kawo masa zancen. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, zaman Turai ya hwara taɓa ka? Mutane na kwana da yunwa garin ga, 'yan hwansho na bin haƙƙinsu har ƙasa ta ruhe musu ido, kai ko kana mini batun ritayar kare?"

Maganar Kawu tana da nauyi, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Amma ban yarda cewa tausayin mutum da tausayin dabba kishiyoyi ne ba. Abin da na gani a rayuwata shi ne, gidan da ake yasar da dabba in ta tsufa, shi ne gidan da ake sallamar tsohon maigadi ba ko sisin kwabo. Hali ɗaya ne: a ci moriyar ganga a yada kwaurenta.

Ina da abin da ya tsaya mini a rai tun ina yaro. Akwai wani babban gida a hanyarmu ta zuwa makarantar allo, mai shi ya sayo karen Turawa irin na Jamus, baƙi da ja, ƙato, don gadi. Shekaru da yawa ko ɓarawon kaza bai kusanci unguwar ba, har maƙwabta suna cin arzikinsa. Da ya tsufa, ido ya dushe, haƙora suka zube, sai wata rana aka sa shi a bayan mota aka sauke shi can wajen gari. Bayan kwana uku ya dawo da ƙafarsa, ya kwanta a bakin ƙofar gidan, aka ƙi buɗe masa. Watan Afrilu ne, irin zafin nan na Sakkwato da ke haura digiri 40, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Ina tuna kaska cike da kunnuwansa, harshe a waje, haƙarƙari ana iya ƙirga su. Yara suka taru suna jifa, kuma ina cikin waɗanda suka tsaya kallo. Babu wanda ya ajiye masa ko ruwa a kasko. Har yau in na ga karen maƙwabcina kwance a kan bargo kusa da hita, wancan karen nake gani.

Kada wani ya ɗauka ina cewa Turawa da tausayi aka haife su. Su ma sai da aka yi musu dole. Amurka ta kai karnuka wajen 4,000 yaƙin Biyetnam, suna gano nakiyoyi da kwanton ɓauna, amma da aka tashi komawa gida waɗanda suka dawo ba su wuce 200 da 'yan kai ba. Sauran an ɗauke su kamar kayan aikin da aka gama da su. Sai a shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ba da dama a miƙa karnukan soja da suka gama aiki ga waɗanda suka riƙe su ko wasu masu so, maimakon a yi musu allurar mutuwa. A nan Ingila kuma, a watan Oktoba na 2016 aka daɓa wa wani karen 'yan sanda mai suna Finn wuƙa a ƙirji da kai a garin Stevenage, yana kare ɗan sandan da ke riƙe da shi, Dave Wardell. Da aka je kotu, laifin da aka iya tuhumar maharin da shi game da karen bai wuce ɓarnata dukiya ba, kamar wanda ya fasa gilashin mota. Wannan ne ya tayar da jama'a, aka yi ta kiraye-kiraye har aka yi dokar kare dabbobin da ke aikin hukuma, ta fara aiki a watan Yuni na 2019. Finn ya yi ritaya a gidan Wardell, a can ya mutu a 2023.

Har yanzu ma da sauran gyara. Yawancin karnukan nan ba su da wani tanadi daga hukuma in sun bar aiki, kuma kamfanonin inshora ba sa son tsohon kare mai tsohon rauni. Rundunar 'yan sandan Nottinghamshire ce ta yi abin a zo a gani a 2013, da ta ware abin da ya kai fam 500 duk shekara, har shekara uku, don maganin kowane karenta da ya yi ritaya. A wasu wuraren ƙungiyoyin sa-kai ne ke tara kuɗi, irin su Thin Blue Paw da aka kafa a 2020. Shi ya sa maƙwabcina ya buga aljihunsa. Amma abu ɗaya ya zauna daram a nan: kafin kare ya bar aiki, an san gidan da zai je. Ana fara tambayar wanda ya riƙe shi. In ba shi da hali, sai a nemi wani gida, a je a duba shi, a tambayi ko akwai ƙananan yara, ko akwai shinge, ko mutumin ya taɓa riƙe babban kare. Ba a buɗe ƙofa a ce masa Allah ya ba da sa'a.

Mu ma muna da irin waɗannan karnuka. Rundunar 'yan sandan Nijeriya tana da sashen dabbobi, na karnuka da na dawakai. Hukumar NDLEA tana amfani da karnuka masu shinshino ƙwaya. Kamfanonin tsaro masu zaman kansu da manyan gidaje a Sakkwato suna sayen irin na Jamus da na Beljiyam da kuɗi masu yawa. Jihar da ke da kan iyaka kamar Illela, wadda kuma ta sha wuyar 'yan bindiga a gabashinta, buƙatar irin wannan hanci ƙaruwa za ta yi. Kare mai aiki kuwa shekarunsa ƙidayayyu ne. Yakan fara yana da shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ya ajiye wajen shekara takwas ko tara, sannan ya ƙara uku ko huɗu a duniya da ciwon gaɓoɓi. Waɗannan shekarun na ƙarshe su ne maganata.

Na san inda mutanenmu za su tsaya, wato addini. To a nan ne abin ya fi ba ni mamaki, domin da na koma ga abin da aka karantar da mu a zaure, sai na ga gudun da nake yi wa karen maƙwabcina al'ada ce ta fi yawa a ciki. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma taɓa shi ba ya karya alwala. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki, malamanmu sun ce bin umarni ne. Hadisin da ya ce ladan mai ajiye kare na raguwa kullum, shi da kansa ya cire karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma suka haɗa da na gadi in akwai buƙata. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda kowane ɗalibi a Sakkwato ya san sunansa, ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. Karen As'habul Kahfi yana cikin Alƙur'ani, ya miƙe zira'o'insa a bakin kogo. Kuma wane yaro ne bai ji labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa ba? Wancan karen hanya ne, bai tsinana wa mutumin komai ba. Ina ga wanda ya shekara bakwai yana kwana a farke don mu yi barci?

Ba ina cewa mu kwaikwayi Turawa a komai ba. Ni har gobe ba zan sa kare a ɗakin kwanana ba, ba zan bari ya lashi fuskata ba, kuma kuɗin da wasu ke kashewa a nan kan rigunan kare da bikin ranar haihuwarsa yana ɓata mini rai in na tuna gida. Tsakanin gadon mai gida da juji akwai fili mai faɗi. Rumfa mai inuwa a bayan gida, ruwa mai sanyi da ba ya yankewa, tuwo da romo da ɗan ƙashi daga mahauta, maganin kaska da na tsutsar ciki, allurar rigakafin haukan kare duk shekara. Iyakar abin ke nan. Kuma Allah ya hore mana abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa a cikin garin Sakkwato. Ɗalibai na buƙatar dabbobin da za su koyi duba tsufa a kansu, tsofaffin karnuka na buƙatar mai duba su. Haɗa biyun nan ba ya buƙatar biliyoyi.

Sai dai a yi hattara wajen zaɓen gida, don a nan ne namu yanayin ya bambanta da na Ingila ƙwarai. Gidan Bature a rufe yake, mutum biyu ko uku, ba mai shigowa sai da alƙawari. Gidanmu kuwa zaure a buɗe, almajirai na shiga, 'yan talla na shiga, yaran maƙwabta na guje-guje, ga awaki da kaji a tsakar gida. Karen da aka horar ya kama mai gudu bai san bambancin ɓarawo da yaro mai wasan langa ba, kuma tsufa da ciwo kan ƙara masa saurin fushi. Irin wannan ba na cikin gari ba ne. Ko dai ya bi wanda ya riƙe shi, wanda ya san kalmomin da yake ji, ko a kai shi gona ko lambu mai shinge a bakin Rima, inda zai yi gadi daidai ƙarfinsa. Mai shinshinar ƙwaya ko bam shi ya fi sauƙin hali, don shi aikinsa a wurinsa wasa ne. Shi ma dai a gaya wa mai karɓa gaskiyar lafiyarsa da halinsa, a rubuta, a kuma riƙa leƙawa. Kada a ba wanda zai ɗaure shi a rana don a ce yana da karen 'yan sanda, ko wanda zai sayar da shi washegari.

Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi. Duk hukuma ko kamfanin da ya sayi kare don aiki, tun ranar sayen ya kamata a rubuta inda zai ƙare da ɗan abin da za a ware masa, kuma ɗan sandan da ya riƙe shi ya zama na farko da za a tambaya. Kada kuma a ɗora masa nauyin shi kaɗai a kan albashin da ko iyalinsa bai isa ba. Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski, kuma ladan nan jama'a ce duka ta ci.

Bayan mako biyu Kawu ya kira ni da kansa, abin da ba ya yi. Ashe maganar ba ta bar shi ba. Ya ce a ƙuruciyarsa, lokacin da suke fita farauta dajin Dange bayan kaka, yana da wani jan kare mai dogayen ƙafafu da ba ya kuskuren zomo. Da ya tsufa ya daina iya gudu, sai ya riƙa barin shi gida, amma duk ran da suka dawo sai ya cire masa rabonsa kamar ya je. "Tare munka sha ƙaya da shi," ya ce. Da ya mutu, shi ya haƙa rami a gindin aduwa bayan gida ya rufe shi, bai gaya wa kowa ba don kada a yi masa dariya. Ya ɗan yi shiru, ina jin kiran sallar la'asar a bayansa, sannan ya ce, "Shi wanga na maƙwabcinka, ƙugu kac ce shina mishi ciwo? Ka ce mishi ya riƙa gasa mishi da ruwan ɗumi da dare, kuma kak ya bari shi kwana bisa siminti."