Maikrogiliya ba masu gadi kaɗai ba ne

Ana cewa maikrogiliya, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin ƙwaƙwalwa, sojojin ƙwaƙwalwa ne, amma aikinsu ya wuce haka. Binciken Beth Stevens, masaniyar kimiyyar ƙwaƙwalwa, na 2007 da 2012 a kan ɓeraye ya nuna cewa furotin C1q da C3 suna shafa alama a kan mahaɗar jijiya (inda ƙwayoyin jijiya ke miƙa wa juna saƙo) mai rauni, sai maikrogiliya ta gane ta da CR3 (wani furotin da ke jikinta mai gane alamar), ta haɗiye, kamar manomi na cire ciyawa. In cirewar ta yi yawa, mahaɗu masu lafiya ma suna tafiya. An ga haka a ɓerayen da aka yi wa gwajin cutar mantuwa ta Alzheimer.

Mu a Zariya, sanƙarau da zazzabin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa suna tayar da waɗannan ƙwayoyin. Yaron da aka sallama daga asibiti bayan ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka, don Allah a riƙa duba jinsa da karatunsa bayan watanni.