Allon Zamani a Ajin da Ba Rufi

Ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce tana so ta raba makarantun ƙasar nan da baƙin allo da alli nan da 2027, a maye gurbinsu da allon zamani, wanda malami zai taɓa da yatsa hoto ko bidiyo ya fito. Tun daga lokacin ake ta yi mana albishir wai ɗan firamaren ƙauyen Sumaila ko Gwaram zai yi kafaɗa da kafaɗa da ɗan Landan. Sai ka rasa wace firamaren suke nufi.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano, kuma da bakinsa ya ce miliyoyin yara a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Duk wanda ya bi ta karkarar Kano ko Jigawa ya ga sauran: kwanon da iskar damina ta yaye, tagogi ba marufi, malami ɗaya na fama da aji biyu. Ana ta kai, wa ke ta kaya?

Allon nan da wuta yake aiki. Ƙauyuka nawa ne wayar KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, ta kai makarantarsu? Ko birnin Kano, a watan Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, kwanaki ya yi cikin duhu. Za a ce ai da sola zai zo. To, batirin sola yana mutuwa, kuma ba arha ba ne. Hedimastan da wani lokaci daga aljihunsa yake sayen alli, shi zai sayi batir? Ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara ƙarƙashin kwano, ga makaranta ba katanga ba mai gadi. Ran da allon ya tsaya, mai gyara yana birni. Ƙarshenta a kulle shi a ofis don gudun ɓarayi, malami ya koma rubutu a bangon da aka shafa wa baƙin fenti.

Mu ɗauka ma komai ya yi daidai. A ajin da yara suka kusa ɗari, mutum ɗaya ne zai taɓa allon, sauran 'yan kallo ne. Ingila, inda ba a ɗauke wuta, ta zuba miliyoyin fam a kan waɗannan alluna a farkon shekarun 2000. Binciken da Jami'ar Newcastle ta fitar a 2005 ya nuna ɗan ci gaban da aka gani a sakamakon yara a shekarar farko bai ɗore ba a ta biyu. A Kenya, Uhuru Kenyatta ya yi alkawarin kwamfuta ga 'yan aji ɗaya a 2013, daga baya gwamnati ta janye daga tsarin ta koma maganar ɗakunan kwamfuta. Masu cewa kada zamani ya bar yaranmu a baya su fara gaya mana wane zamani ne yaron aji huɗu da ba ya iya karanta jimla ɗaya da Hausa zai kamo.

A ganina abin da ya sa ake son allon a fili yake. Kaya ne da ake ba da kwangilarsa, a yanka kyalle, a ɗauki hoto da yara sanye da sabon yunifom. Horar da malami yadda zai koyar da haɗa baƙi da wasali ba ya fitowa a hoto, kuma ba wanda ke samun kaso a ciki.

Hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, ta riga ta gina makarantun zamani na gwaji a jihohi. A bar allon a can tukuna, a fito mana da sakamakon yaran mu gani. Kuɗin da za a kai ƙauye kuwa, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta sa su a rufi, benci, littafin karatu na Hausa a hannun kowane yaro, da ɗaukar malaman da za su zauna a garin. Duk jami'in da ya dage sai an kai allon, ya fara rubuta mana sunan wanda zai biya kuɗin gyaransa a shekara ta biyu.